Sabunta Manhajar Kariya da Kula da Saitinta: Abin da Ya Shafi Masu Kwamfuta a Gaya

Manhajar kariya, wadda masu gyaran kwamfuta ke kira antibirus, shiri ne da ke zaune cikin na'ura yana duba duk fayil ɗin da ya shigo ko aka buɗe, don ya tare mugun shiri tun bai yi ɓarna ba. Sassa biyu ne ke riƙe da aikinta. Akwai kundin alamomi, inda aka tara siffofin ƙwayoyin cutar kwamfuta da aka riga aka sani. Akwai kuma injin bincike, wanda ke gwada fayiloli da waɗannan alamomi, yana kuma lura da take-taken kowane shiri: ko yana neman ɓoye kansa, ko yana kulle takardun mutane ɗaya bayan ɗaya. Aikin ya yi kama da na jami'in kan iyaka da ke riƙe da jerin mutanen da ake nema. Idan jerin na bara ne, ɓarawon bana zai wuce ta gabansa har su gaisa.

Cibiyar AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus, mai gwajin irin waɗannan manhajoji, ta ce tana tattara sababbin miyagun shirye-shirye sama da 450,000 a kowace rana. Shi ya sa kamfanoni ke fitar da sabon kundin alamomi sau da yawa a yini. Wannan sabuntawa ƙarama ce, ba ta cin data sosai, kuma takan gudana ba tare da mai na'ura ya sani ba. Sauya manhajar gaba ɗaya zuwa sabon zubi wani abu ne daban. A nan injin ne ake canzawa, tare da sassan da ke shiga can cikin tsarin Windows. Fayil ɗin yana da nauyi, kuma galibi sai an kashe kwamfutar an sake kunna ta. Mutane da yawa na haɗa biyun su ɗauke su abu guda. Tsohon inji zai iya ci gaba da karɓar alamomi na wani lokaci, amma akwai ranar da kamfanin zai daina ciyar da shi, tambarinsa kuma ya ci gaba da zama a gefen allo kamar yana aiki.

Garin Gaya, a kudancin jihar Dosso ta Nijar, yana bakin kogin Isa, gada ce kawai tsakaninsa da Malanville ta ƙasar Benin, ga kuma Kamba ta jihar Kebbi a Najeriya kusa da shi. Nan ne hanyar da ta taso daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta ratsa Parakou, take shigowa Nijar ta nufi Dosso da Yamai. Duk babbar motar da ta taɓa tsayawa layi a wannan hanya tana tafe da tarin takardu, kuma takardun nan a kwamfuta ake shirya su. Hukumar duwan ta Nijar, wato kwastan, na aiki da tsarin SYDONIA, wanda hukumar kasuwanci da ci gaba ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirƙira, masu fiton kaya kuma na shigar da bayanansu daga na'urorin ofisoshinsu. Rufe gadar da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya rage wannan hada-hada ƙwarai, har fatauci ya koma cikin kwale-kwale, amma kwamfutocin suna nan: a ofisoshin fito, a wuraren aika kuɗi, a makarantu, da shagunan buga takardu da fotokofi. Da yawansu 'yan Kwatano ne, wato sun yi shekaru suna aiki a wata ƙasa kafin su iso, kuma sukan zo da manhajar kariyar da wa'adinta ya daɗe da ƙarewa.

A irin wannan wuri cuta ba ta cika shigowa ta wasiƙar intanet ba. Ta kile take zuwa, ɗan ƙaramin ma'ajin nan da 'yan Najeriya ke ce wa filash. Ɗalibi ko yaron ofis ya kawo kile shago don a buga masa takarda, a soka shi a kwamfutar da ta riga ta karɓi na mutane da dama tun safe. Idan ya koma gida ya buɗe, sai ya tarar duk jakunkunan fayilolinsa sun koma gajerun hanyoyi, kowace da 'yar kibiya a ƙasan hotonta, girmanta bai wuce kilobait ɗaya ko biyu ba. Takardun ba su ɓata ba, ɓoye su aka yi. Da zarar ya danna ɗaya daga cikin kibiyoyin, jakar za ta buɗe kamar ba komai, amma a lokacin ne ɓoyayyen shirin ya sauka cikin na'urarsa, yana jiran kile na gaba. Microsoft ta toshe buɗewar kile kai tsaye tun daga Windows 7, ta kuma tura wannan gyara ga XP da Vista a 2011. Dabarar kibiya ita ce amsar masu ƙirƙirar cutar, domin mai na'ura ne da hannunsa yake kunna ta. Wannan matsala ce ta sa Smadav, ƙaramar manhaja daga Indunusiya, ta yi farin jini a shagunan yankin nan. Tana da amfani wajen tsabtace kile da dawo da ɓoyayyun fayiloli, amma masu ita ma a matsayin kariya ta biyu suka gabatar da ita. Dogara da ita kaɗai ganganci ne.

Kafin a taɓa manhajar kariya, tsarin da take zaune a kai ake fara dubawa. Microsoft ta daina gyara Windows XP a ranar 8 ga Afrilun 2014, Windows 7 a 14 ga Janairun 2020, Windows 8.1 a 10 ga Janairun 2023, sannan Windows 10 a 14 ga Oktoban 2025. Sababbin zubin manhajojin kariya da dama ba sa hawa tsofaffin tsare-tsaren nan, waɗanda ke hawa kuma ba za su iya toshe ramin da ke jikin Windows ɗin kansa ba. Harin WannaCry na 12 ga Mayun 2017 ya nuna haka: ya kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila, alhali gyaran ramin da ya bi ya fito tun watan Maris na shekarar. Masu Windows 10 na da ɗan sauƙi, domin Microsoft ta ce za ta ci gaba da aika wa manhajar kariyarta, Defender, sababbin alamomi har Oktoban 2028. Windows 11 kuwa yana buƙatar wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, wanda tsofaffin 'yan Kwatano da yawa ba su da shi. Na'urar da ta tsaya a Windows 7 gara a raba ta da intanet, a bar ta ga buga rubutu, kada a yi harkar kuɗi a kanta.

Sai batun wace manhaja. Windows 10 da 11 na zuwa da tasu, Microsoft Defender, kyauta, kuma a gwaje-gwajen AV-TEST da na AV-Comparatives ta Innsbruck a Ostiriya ta daɗe tana tsayawa kafaɗa da kafaɗa da na kuɗi. Tana sabunta injinta ta hanyar sabuntawar Windows, ba ta da wa'adin lasisin da zai ƙare. Ga shago ko ƙaramin ofis, ta wadatar. Na kuɗi irin su Kaspersky, ESET, Bitdefender da Norton na ƙara wasu abubuwa, kamar sarrafa kwamfutoci da yawa daga wuri guda, kuma wanda ya saya ya biya kuɗin shekara bai yi asara ba. Abin da ya fi kowane muni shi ne na uku, kuma shi ya fi yawa: manhajar kuɗi da aka fasa makullinta. Mai gyara ya ɗora ta daga kilensa, ya kashe sabuntawarta don kada kamfanin ya gane, ita kuma da hawanta ta sa Defender ya janye gefe. An kashe mai aiki an ɗora marar aiki. Ƙari a kan haka, shirye-shiryen fasa makulli su ne babbar hanyar da cutar STOP/Djvu, mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, ta bi ta shiga kwamfutocin gidaje a faɗin duniya. Duk shirin da umarninsa na farko shi ne a kashe antibirus kafin a ɗora shi, ya riga ya faɗi ko shi wane ne.

Ba a haɗa manyan manhajojin kariya biyu masu gadin kowane lokaci a na'ura ɗaya. Kowace za ta riƙa kama fayil ɗin da ɗayar ke dubawa, kwamfutar ta yi nauyi, wani lokaci ta ƙi tashi.

Aikin sauyawa da kansa yana da tsari. Ana fara kwafe muhimman takardu zuwa wani ma'aji na waje, a cire shi a ajiye. Idan manhajar ta kuɗi ce, a tabbatar lambar lasisi ko bayanan asusun suna rubuce a takarda. Sai a duba agogon kwamfutar. Wannan ƙaramin abu ne da ke wahalar da mutane: a tsohuwar na'ura, ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allon ciki yakan mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya duk lokacin da aka kashe ta, manhajar kuma ta ƙi amincewa da shafin kamfaninta domin takardar shaidarsa ba ta dace da ranar ba. Mai ita ya yi ta zargin reso, wato layin intanet, alhali batiri ne.

Sabon zubin daga shafin kamfanin ake sauke shi, ko daga cikin manhajar kanta idan ta nuna akwai sabo. Ba a bin tallar da ta faɗo kan allo da jan rubutu tana cewa an gano cuta goma sha a na'ura. Shafin intanet ba shi da ikon binciken kwamfutar mutum, kuma irin wannan talla ita ce cutar. Idan daga zubi zuwa zubi ne na kamfani ɗaya, yawanci sabon na hawa kan tsohon ya gaji lasisi da saiti. Idan kamfani za a canza, sai an cire tsohuwar tukuna, kuma cirewa ta yau da kullum takan bar saura. Shi ya sa kamfanonin ke da kayan share sawunsu: kavremover na Kaspersky, avastclear na Avast, MCPR na McAfee. Bayan cirewa a sake kunna na'urar, a ɗora sabuwar, a sake kunnawa, a sabunta alamomi nan take domin waɗanda ke cikin fayil ɗin ɗorawa sun riga sun tsufa, sannan a yi cikakken bincike na farko, wanda a tsohon faifai zai iya cin awoyi. Mai son tabbatarwa zai iya gwadawa da fayil ɗin EICAR, rubutu ne mai haruffa 68 marar illa da kamfanonin suka amince kowace manhaja ta kama shi kamar cuta. Idan an sauke shi shiru ba ƙorafi, gadin ba ya aiki.

Wuta da reso su ne ke sa wannan aiki ya fi wuya a Gaya fiye da yadda littattafan kamfanoni ke nunawa. Ɗaukewar lantarki a tsakiyar ɗora sassan da ke shiga cikin Windows na iya barin kwamfuta ba ta tashi. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023, kowa ya ga yadda samuwarta ba tabbas ba ce. Kwamfutar tafi-da-gidanka a cika batirinta kafin a fara; ta tebur kuwa tana son batirin ajiya, ko a jira lokacin da janareta ko sola ke tsaye. Intanet ma haka: katsewar wayoyin ƙarƙashin teku a ranar 14 ga Maris 2024 ta jefa ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, har da Benin da Najeriya, cikin ƙarancin sadarwa na kwanaki. Yawancin ƙananan ofisoshi daga wayar salula suke jan intanet, ta layin Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecoms, kuma don tsimin data sukan sa wa Windows alamar cewa layin na awo ne. Dabara ce mai kyau, sai dai tana iya dakatar da sabuntawar kariya ma, har sai an ba da izini a saitin. Ofishin da ke da na'urori da yawa ba sai kowace ta sauke nata ba: Microsoft na ajiye cikakken kundin Defender a fayil guda mai suna mpam-fe.exe, a sauke shi sau ɗaya a zagaya da shi, muddin kilen da aka ɗauko shi mai tsabta ne.

Bayan an gama, saiti ne ke yanke hukuncin ko wahalar ta yi amfani, domin sabon zubi kan mayar da wasu zaɓuɓɓuka yadda suka fito daga kamfani, ko ya gaji kurakuran tsohon. Abu na farko shi ne gadin kowane lokaci. Shi ne ke duba fayil a daidai lokacin da aka taɓa shi, kuma shi ne mutane suka fi kashewa, wai don na'ura ta yi sauri. Idan nauyi ne matsalar, maganinsa ƙarin ma'ajin aiki ko sauya tsohon faifai da na zamani, ko komawa manhaja marar nauyi.

Jerin keɓewa ya fi kowane sashe buƙatar ido. Wuri ne da ake rubuta fayiloli ko jakunkunan da ba a son manhajar ta duba. Yana da amfani na gaskiya: wani shirin lissafin kuɗi ko na ofis yakan yi karo da bincike, sai a keɓe jakarsa kaɗai. Amma a kwamfutocin da suka bi ta hannun masu gyara ba abin mamaki ba ne a buɗe jerin a tarar an keɓe jakar saukarwa gaba ɗaya, ko duk faifan C, don wani fasasshen shiri ya zauna lafiya. Wannan daidai yake da kashe kariyar, sai dai tambarin yana nan kore shar. Miyagun shirye-shirye ma sun koyi rubuta sunansu a jerin. Duk layin da mai na'ura bai san dalilinsa ba, a goge shi. Daga nan a kunna kariya daga taɓa saiti, wadda Defender ke da ita, ko a sa kalmar sirri a manhajojin da ke ba da dama, musamman a shagon da yara da baƙi ke zama gaban allo.

Game da kile, wasu manhajoji na tambaya ko a bincika shi da zarar an soka. A zaɓi bincike kai tsaye ba tare da tambaya ba. Defender ba ya yin haka da kansa, yana jira ne a taɓa fayil, saboda haka sai a danna hoton kilen da maɓallin dama a zaɓi bincike kafin a buɗe. Yana da kyau kuma a sa Windows ya riƙa nuna ƙarshen sunayen fayiloli, don a bambance takardar gaske da shirin da ya sa rigarta. Binciken mako-mako da aka tsara wa tsakar dare ba shi da amfani a shagon da ake rufewa bayan isha'i. A mayar da shi lokacin hutun azahar. Abin da aka kama kuma a tura shi killace maimakon gogewa nan take, domin manhaja na yin kuskure, kuma daga killace ana iya dawo da takarda. Defender na da wani zaɓi na tsare jakunkuna daga masu neman fansa, a kashe yake zuwa. Yana damun mutum da tambayoyi a kwanakin farko, amma ofishin da takardun abokan ciniki ne jarinsa ya kamata ya jure.

Akwai kuma zaɓin tuntuɓar kamfani ta intanet da aika masa samfurin fayil ɗin da ake zargi. Tuntuɓar na ƙara kariya sosai, domin tana kama abin da bai kai ga shiga kundi ba, kuma a bar ta a kunne. Aika samfuri kuwa yana son tunani ga mai riƙe da bayanan wasu, kamar hotunan katin shaida da takardun kaya. Ana iya sa manhajar ta riƙa neman izini. Kamfanonin kariya ba waliyyai ba ne. A Fabrairun 2024 hukumar kasuwanci ta Amurka ta sa Avast biyan dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da masu amfani da ita ke ziyarta. A Nijar hukumar HAPDP ce ke sa ido kan kare bayanan mutane, kuma nauyin yana kan wanda ya tara su.

Sabuntawa da kanta ta taɓa zama masifa. A Afrilun 2010 wani kundin McAfee ya ɗauki wani fayil na Windows XP a matsayin cuta, kwamfutoci masu yawa suka shiga kashewa da kunnawa ba iyaka. A 19 ga Yulin 2024 kuskure a sabuntawar manhajar kariya ta CrowdStrike ya durƙusar da na'urori kusan miliyan 8.5, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna suka tsaya. Wanda ya fi shafar masu harkar fito shi ne harin NotPetya na Yunin 2017, da ya shiga ta sabuntawar wata manhajar haraji a Yukiren ya bazu. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk sai da ya sake ɗora kwamfutoci 45,000, ya yi asarar kusan dala miliyan 300. Wasu kan kafa hujja da waɗannan su kashe sabuntawa ɗungurungum, hujjar kuwa ba ta tsaya ba: irin wannan kuskure jefi-jefi ne, cuta kuwa kullum tana bakin ƙofa. Abin da ya dace shi ne a bar alamomi su riƙa sauka da kansu, sabon zubi kuma a gwada shi a na'ura ɗaya na 'yan kwanaki kafin a kai sauran, kuma kada a yi shi ranar da aiki ya yi yawa. Siyasa ma na iya yanke sabuntawa: Amurka ta hana Kaspersky aika ta ga masu amfani da ita a ƙasar daga ƙarshen Satumban 2024. Haramcin bai shafi Nijar ba.

Wayoyin Android na da nasu gadin, Google Play Protect, wanda ya fito a 2017, ana samunsa cikin Play Store kuma a kunne ya kamata ya zauna. Haɗarin waya yana zuwa ne daga manhajojin da ake tura wa juna ta Xender ko Bluetooth, da jabun WhatsApp masu alƙawarin ƙarin abubuwa. Babu manhajar kariyar da za ta ceci wanda aka kira a waya ya karanta wa baƙo lambar sirrin da aka turo masa. Dokar Nijar mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yulin 2019 ta tanadi hukunci ga masu kutse da damfara ta intanet, sai dai hukunci ba ya dawo da fayil ɗin da aka kulle. Kwafin da aka ajiye a ma'ajin da ba ya haɗe da kwamfuta ne ke dawo da shi.

Kowace manhajar kariya tana nuna lambar zubinta da ranar da ta karɓi alamomi na ƙarshe, a shafinta na farko ko a sashen sabuntawa. A na'urar da ke hawa intanet, wannan rana bai kamata ta wuce kwana biyu ko uku ba. Idan ta kai wata guda, kwamfutar ba ta da kariya, ko da tambarin kore ne.